Shagon da ya saita mini matatar amfilifaya a Jos: aiki ya yi kyau, amma sai mai haƙuri

Duk mai gidan kallon ƙwallo a Jos ya san ƙananan amfilifayar nan da suka cika kasuwa, waɗanda allonsu bai wuce tafin hannu ba, a haɗa su da batir ko cajar laftof su tashi sifika. Da yawansu guntun TPA3116D2 (ɗan cif ɗin da ke ƙara sautin) na kamfanin Texas Instruments ne a ciki, wanda takardarsa ta ce yana ba da wat 50 a kowane ɓangare, dama da hagu, a kan sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta) idan ya samu volt 21. Ga araha, ga rashin cin wuta, don sama da kashi 90 cikin 100 na abin da ya sha sifika yake tafiya, ba zafi yake zama ba. Ga wanda ke aiki da sola da batir, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai guntun daban, allon da aka ɗora shi daban. Allon wasu ne can suke haɗawa, kuma wurin da suka fi matse hannu shi ne matatar da ke bakin fitar sauti. A kanta na kai aiki wani shago, kuma shagon nake son in yi bayani a kai.

Gidan kallona yana Unguwar Rogo, doguwar rumfar kwano ce, da sifika huɗu: biyu a gaba kusa da talabijin, biyu a baya. Kowace om 8 ce, an haɗa su bibbiyu kafaɗa da kafaɗa, wato amfilifayar om 4 take gani a kowane ɓangare. A wasan da ba jama'a lafiya lau. Rigimar ta daren gasar zakarun Turai ce, idan rumfa ta cika maƙil, 'yan Arsenal na wannan gefe, 'yan Chelsea na wancan (tun zamanin Mikel garin nan bai rabu da Chelsea ba), dole a murɗa sauti. Da an murɗa sai muryar mai sharhi ta fara kakkarcewa. In aka jefa ƙwallo a raga filin wasa ya kaure da ihu, sai sautin ya ɗauke ɗif, ya jima kaɗan ya dawo. Wanda ya biya kuɗin shiga ba ya yafe wannan. Ƙari a kan haka, wani dattijo maƙwabcinmu mai sauraron rediyo a matsakaicin zango ya aiko a gaya mini, cikin ladabi, cewa duk lokacin da muka kunna kaya rediyonsa ƙara kawai take yi.

Masu gyaran da suka fara dubawa duk guntun suka zarga. Wani ya canja shi, wani ya ƙara masa ƙarfen sanyaya da fanka. Ba abin da ya sauya.

Shagon da aka nuna mini daga baya yana cikin layukan bayan Terminus, inda masu gyaran rediyo da talabijin suke. Ba shi da allon suna, ɗan ɗaki ne mai tebur ɗaya, da tsofaffin talabijin jibge har rufi. Mai shi dattijo ne, mutanen layin Injiniya suke ce masa. Na ajiye amfilifayar na fara jero matsaloli, bai ko taɓa ta ba ya tare ni.

"Alhaji, ina sifikokin?"

Na ce suna can maƙale a rumfa, ai ba su ne suka lalace ba.

"To a je a kwanto biyu, waɗanda ke ɓangare ɗaya. A auno mini tsawon wayar, a taho da abin da ke ba ta wuta. In ba haka ba canki-canki zan yi maka."

A lokacin raina bai so ba, don kwance sifika daga saman rumfa a loda a keke ba wasa ba ne. Amma wannan tambayar ita ce ta bambanta shi da sauran, kuma a kanta duk aikin ya tsaya.

Ga yadda ya yi mini bayani, yana yi yana zane a bayan kwalin magani. Tsohuwar amfilifaya mai nauyin nan da ƙaton taransifoma tana bin sauti ne a hankali, tana buɗe taransisto kaɗan-kaɗan, ragowar wutar ta ƙone ta zama zafi. Wannan kuwa, da ake kira aji D, kunnawa da kashewa kawai take yi, sau dubu 400 a sakan ɗaya, kuma faɗin kowane bugu shi ne ke ɗauke da sautin. Don haka abin da ke fita daga ƙafar guntun ba kiɗa ba ne, ba magana ba ce, bugun wuta ne mai kaifi. Sai ya ratsa ta matata, wato koyil (naɗaɗɗiyar waya), da kafasita da ke zubar da saura ƙasa, sannan ya zama abin da sifika za ta iya furtawa. Aikin rariya ne, in ji shi: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Kunnen ɗan Adam iyakarsa wajen kilohaz 20 (kilohaz ɗaya bugu dubu ne a sakan), bugun yana kilohaz 400, matatar kuma dole ta yanka a tsakaninsu. Da yake kowane ɓangare ƙafa biyu ke tura shi, ja da baƙa, koyil huɗu ne a allon, kafasita ma huɗu.

Ya jawo gilashin ƙara girma ya nuna mini. A bayan kowane koyil, ɗan baƙin dunƙule mai kusurwa huɗu, an buga 220. Wannan ba 220 ba ne, maikrohenri 22 ake nufi (ma'aunin koyil ke nan), sifilin ƙarshe yawan sifilin da za a ƙara yake faɗa. Kafasitocin kuma 684 ne, wato nanofarad 680. Ya ɗora mita a sifika ɗaya ta nuna om 6 da ɗoriya, wanda haka sifikar om 8 ke nunawa a mita. Ya haɗa biyun, ta sauka wajen 3. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ka gani? Wannan allon don om 8 aka lissafa shi."

Lissafin kuwa haka yake. Koyil 22 da kafasita 680 suna yanka ne a wajen kilohaz 41. Amma inda ake yankan ba shi ne duka labarin ba, akwai yadda ake yankan, wanda ake aunawa da wata lamba da ake kira Q. In ta kai kusan 0.7, sauti yana tafiya sumul har bakin yankan, ba tudu ba kwari. Wannan ita ce sigar da wani masanin Ingila, Stephen Butterworth, ya bayyana a 1930. Lambar nan tana bin om ɗin sifika ne: ka ninka om ta ninka, ka raba ta rabu. A om 8 allona yana ba da 0.7 daidai. A om 4 da nake ɗora masa sai ta faɗo 0.35, siririn sauti ya fara dushewa tun da wuri: desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) ɗaya da ɗan wani abu a kilohaz 10, kusan huɗu a kilohaz 20. Bai bar ni da lissafi kawai ba. Ya ɗaura rizisto mai om 4 a madadin sifika, ya sa wayarsa tana fitar da sauti mai tsayi ɗaya, ya riƙa hawa da shi daga kilohaz 1 zuwa sama, muna kallon layin da ke kan ƙaramin osiloskof ɗinsa (na'urar da ke zana siffar wuta a allo) mai batir yana ƙanƙancewa a gabanmu.

A nan ne na ƙara yarda da mutumin. Wani da sai ya tsaya nan, ya ce ga ciwon, kawo kuɗi. Shi cewa ya yi wannan dushewar ba ita ta kawo ni ba. Abin da ke fayyace maganar mutum yana ƙasa da kilohaz 5 ne, kuma a nan asarar ba ta kai rabin desibel ba, kunne ba zai kama ba. Usur ɗin alƙalin wasa da kiɗan hutun rabin lokaci ne za su ɗan rasa haske, shi ke nan. Ainihin ciwon girman koyil ɗin ne. Volt 21 zuwa 24 a kan om 4, a ƙololuwar ihu, amfiya 5 zuwa 6 ne ke ratsa shi. Zuciyar ƙaramin koyil tana da iyakar maganaɗisun da za ta ɗauka. In ta ƙoshi, maikrohenrin ya zube, koyil ya zama kusan waya zalla. Daga nan sauti ya karce, bugun dubu 400 ya tsallake zuwa wayar sifika, wuta ta yi tsalle, guntun ya ga kamar an haɗe masa baki ya kashe kansa don kariya. Wannan shi ne ɗif ɗin da muke ji. Ya murɗa sauti a kan riziston na ɗan lokaci ya ce in taɓa. Ƙarfen sanyaya guntun ɗumi-ɗumi ne, koyil ɗin kuwa sai da na janye yatsa. Ga inda aka yi ta sa fanka, ga inda zafin yake.

Sababbin koyil da hannunsa ya naɗa su, kuma wannan ɓangaren ya cancanci a tsaya a kai. Ya fito da zobba ja, faɗinsu wajen milimita 27, na garin ƙarfe, samfurin T106-2 na kamfanin Micrometals, ya ce daga kasuwar Alaba ake aiko masa. Yaron shagon ya miƙo wasu zobba masu launin rawaya da fari da ya ɓalle daga tsohuwar fawa-fak ɗin kwamfuta, yana ganin ya taimaka. Injiniya ya ture su gefe. Masu rawaya da fari sun dace da tace wutar da ba ta jujjuyawa, amma a kilohaz 400 zafi suke sha, har su canja launi. Jan shi ne ba ya asara sosai a wannan saurin, kuma ba ya saurin ƙoshi, sai dai yana cin zagaye da yawa. Ya auno wayar jan ƙarfe mai fenti, irin ta masu riwayin, kaurin wajen milimita ɗaya. Yana zurawa yana ja, yana danne kowane zagaye da babban yatsa, yana ƙirgawa a ƙasan maƙoshi, in aka yi masa magana ba ya amsawa. Zagaye 27 a jan zoben nan maikrohenri 10 yake bayarwa. Duk koyil ɗin da ya gama sai ya kankare bakin wayar da reza ya ɗora a mitar auna koyil. Ɗaya ya ɗan haura, ya ware zagayen ya baza su har lambar ta yi daidai da ta 'yan uwansa. Ya ce in biyun da ke ɓangare ɗaya ba su yi daidai ba, bugun da ya kamata su kashe wa juna sai ya tsira. Dalmar da ya liƙa da ita ta gargajiya ce, kashi 60 kuza, 40 darma, ya ce mutumin Jos bai kamata a koya masa darajar kuza ba.

Kafasita ma ya canja. Na allon ƙananan na yumɓu ne, kuma irinsu suna da wata ɗabi'a: idan wuta ta zauna a kansu ƙimarsu raguwa take yi, alhali a wannan tsarin rabin wutar batir kullum tana zaune a kowace ƙafa, ko ba a kunna komai ba. Ya sa na leda, masu kusurwa, na volt 63, maikrofarad 1 kowanne. Takardar guntun koyil 10 da nanofarad 680 ta nuna, wanda ke yanka a wajen kilohaz 61, amma shi ya zaɓi ya ɗan ƙara kafasita: yankan ya sauko wajen 50, Q a om 4 ta zama 0.63, asarar a kilohaz 20 ba ta kai rabin desibel ba. Dalilinsa maƙwabcina ne. Matata irin wannan tana rage desibel 12 ne duk lokacin da saurin bugu ya ninka, don haka duk yadda ka ɗaga yankan sama, ragowar bugun da ke tsallakewa ƙaruwa take. Ba a samun komai kyauta a nan: ka rage koyil ka sami haske da ƙarfin ɗaukar wuta, amma ka ƙara wutar da ke kaiwa da komowa a cikinsa ko da shiru ake. Ya faɗa mini tun kafin in gani cewa zobban za su riƙa ɗumi ko ba sauti, kada in tsorata.

Batun rediyon dattijo kuwa, ninkin dubu 400, wato kilohaz 800, 1200 da 1600, duk a cikin matsakaicin zango suke faɗawa, kuma doguwar wayar sifikokin baya eriya ce ta zama. Guntun yana da ƙafafun da ake sauya saurin bugun da su, zuwa kilohaz 500, 600, har 1200, don kauce wa tasha, amma ya duba ya ce layukan allon sun yi siriri, ba zai yi kasadar yanka su ba. Abin da ya yi shi ne ya sa ƙananan duwatsun ferait da kafasita ta nanofarad 1 a bakin fita, ya ce in murɗe wayoyin ja da baƙa su zama igiya ɗaya tun daga amfilifaya har sifika, kuma a sa komai cikin akwatin ƙarfe. Ya ƙara rizisto da kafasita a jere a bakin kowane ɓangare, abin da ake kira Zobel, sunan wani injiniyan kamfanin tarho na Bell a Amurka. Amfaninsa biyu. Sifika ba rizisto ba ce, om ɗinta hawa yake a siririn sauti saboda naɗin da ke cikinta, sai Q ta bi shi ta hau. Na biyu kuma ya fi shafar irinmu: in ƙafar wani yaro ta fizge waya ana tsakiyar ihu, matatar ta zauna ba kaya, sai ta yi ta amsa-kuwwa a daidai wurin yankanta, wuta ta haura har ta iya fasa kafasita ko guntu.

Gargaɗi biyu ya yi mini waɗanda ba na cikin aikin da na kawo, kuma ba a caje ni a kansu ba. Na farko, baƙar wayar sifika a irin wannan amfilifaya ba ƙasa ba ce, ita ma wuta take turawa. Duk mai wayarin da ya haɗe baƙaƙen dama da hagu don tsimin waya, ko ya ɗaure su a jikin kwano, ya gama da guntun. Na biyu, batir biyu masu volt 12 a jere ba 24 suke tsayawa ba in sola na caji, suna haura 28, alhali iyakar aikin guntun 26 ne. Ya sa na sayi ɗan allon rage wuta ya saita shi a 21.

Sakamako: ɗaukewar nan ta tafi gaba ɗaya. Mun yi manyan wasanni da rumfa cike, an murɗa har inda ba mu taɓa kaiwa ba, mai sharhi yana fita tas, ihun fili yana zuwa ya wuce ba karcewa. Hasken siririn sautin, gaskiya, ni ban ji wani babban bambanci ba sai a kiɗa, kuma haka ya ce za a yi. Dattijo ya ce ƙarar ta ragu sosai, tashoshinsa sun dawo, sai wata guda mai rauni da har yanzu yake jin ɗan fito a bayanta in muna aiki.

Inda shagon ya gaza kuwa, ba zan ɓoye ba. Alkawarin lokaci ba ya cikin tsarinsa. "Gobe in Allah ya kai mu" a bakinsa tana iya cin mako, kuma ba ya ɗaga waya in yana aiki, wato kusan kullum. In kana da wasa a ƙarshen mako, nemi aron wata amfilifayar kafin ka kai taka. Ba rasit, ba rubutaccen garanti, sai dai "in ta yi wani abu ka dawo". Kuɗin aikin da kayan ya kusa kai kuɗin allon kansa, kuma ba a ciniki. Na taya, ya dube ni ta saman gilashi ya ci gaba da abin da yake yi. Kyan gani ma babu: zobba huɗu ba su shiga gurbin tsofaffin ba, sai ya dasa su a wani allo daban, nesa da juna, ya cika su da gam mai zafi, tsohon akwatin roba ya tashi daga aiki. Akwai kuma ɗan shuu da ake ji in an yi shiru, da "fof" ɗin da sifika ke yi in an kunna. Ya ce wannan ba na matata ba ne, na matakin ƙarin sauti ne, wanda a guntun ake zaɓa tsakanin desibel 20, 26, 32 da 36 da rizisto biyu, kuma masu haɗa allo sukan bar shi a sama don kaya ya yi ƙara a shago. Na so a ce ya haɗa da shi tunda allon na buɗe a gabansa, amma ya ce aiki ne daban, kuɗi daban.

Abu na ƙarshe da ya kamata mai niyyar zuwa ya sani: bayan saitin, amfilifayar ta zama ta sifikokin da aka auna ta da su. Tawa yanzu ta om 4 ce. In na ɗora mata sifika ɗaya mai om 8, Q za ta haura 1.2, siririn sauti ya ɗan yi kaifi. In kuma lasifikar ƙaho ce mai om 16, irin ta masallaci da ta masu talla, ta ninka haka, ba ta dace ba sam. Masu haya da kayan sauti, yau walima gobe taron siyasa, kowace rana da sifikar da aka samu, wannan aikin ba zai biya musu buƙata ba. Su nasu amfilifaya ce mai gyara kanta daga bayan matata, wadda ba ta damu da om ba sosai, kuma kuɗinta ba ɗaya ba ne. Wanda sifikarsa om 8 ce guda ɗaya a kowane ɓangare, yana saurare a ɗaki ba ya murɗawa, shi ma ya bar allonsa yadda yake, 220 ɗin nan daidai take da shi. Aikin na masu gidan kallo ne, da makarantu da shaguna da suka kafe sifika wuri ɗaya suna tura ta da ƙarfi. In za ka je, tafi da sifikokin ɓangare ɗaya, da caja ko bayanin batirinka, da tsawon waya a rubuce, kuma ka je da safe kafin layin ya cika. Ranar Juma'a daga azahar ba ya dawowa.